Me Ya Ce?

A hawa na huɗu, a Porto, inda kogi ke gama tafiya ya miƙa kansa ga teku,
Anselmo na zaune, rimot a hannu, kamar har yanzu birki yake riƙe.
Shekara talatin da ɗaya ya tuƙa taragon lantarki,
kukan ƙarfe a kan ƙarfe ya cinye masa kunnen hagu.

Lasifika biyar ɗansu ya kafa musu kafin ya koma Lyon.
Idan bam ya tashi a fim, kofunan gahawa sai sun taka rawa,
jirgi ya wuce ta bayan kujera,
ruwan sama ya zuba a kusurwar ɗaki.
Amma da mutum ya buɗe baki,
sai ka ce daga cikin tulu yake magana.

"Me ya ce, Graciete?"
Ita ko kai ba ta ɗagawa daga saƙarta:
"Ya ce ba zai dawo ba."
"Ita fa?"
"Ta ce to ya tafi da laimarsa."

Ni ce Benedita, mai gyaran rediyo a ƙasan benen.
Ranar Asabar na hau da tsumma da igiyar awo.
Na tarar da ta tsakiya,
wadda duk wata magana ta bakinta take fita,
an cusa ta can ƙuryar kabad,
bayan hoton aure da kwanon alewa,
tana ta yi wa katako bayani.

Na jawo ta gaba har leɓenta ya leƙo waje.
Na sa mata roba biyu a ƙasa, ta ɗaga kai,
ta bar hira da gwiwoyi, ta dubi kunne.
Teburin gilashi na mayar da sauti yadda madubi ke mayar da fuska,
na rufa masa mayafi.
Na auna daga kujera: mita biyu da rabi.
Na ƙara mata maki uku,
na rage wa mai gurnanin nan na ƙasa biyu,
don idan ganga ta cika baki, ba a jin mai waƙa.

Muka kunna.
Sai ga ƙananan haruffa suna fitowa daga maɓoya,
har da numfashin da ake ja kafin a yi ƙarya.
Anselmo ya dafe ƙirji: "Ashe haka muryarsa take!"
Graciete ta naɗe mini gasasshen kifi a takarda.
Ba ta ce komai ba. Ban lura ba a lokacin.

Bayan mako uku na hau kai musu wasiƙa
da ta yi ɓatan kai ta faɗa akwatina.
Ƙofa a buɗe, fim na tafiya,
lasifikar ta koma ƙuryarta,
robobina biyu na kwance cikin kwanon alewa.

Ya ga na gani.
Ya biyo ni bakin matakala da silifas, murya ƙasa-ƙasa:
"Aikinki ba shi da aibu, 'yata. Kowace kalma na ji.
Fim ɗin nan sau tara muka kalla,
sai yanzu na san matar ba ta taɓa zancen laima ba.
Shekara shida Graciete na gyara musu magana,
kuma tata ta fi tasu gishiri.
Tun ranar da kika zo, daga ƙarfe takwas zuwa goma,
ba mai cewa uffan a ɗakin nan sai baƙi."

Na sauko a hankali ina ƙirga matakala.
A ta goma sha ɗaya na jiyo shi ta bango,
da ƙarfi, irin na mai kunne ɗaya:
"Me ya ce, Graciete?"

Na tsaya.
Amsarta ba ta iso ni ba.
Dariyarsa ce ta iso.