Abin da Yashi Ya Ci

Malam Ɗayyabu ya ba mu aikin gida:
akwati ne, kilo goma, a bisa daɓe,
an tura shi da ƙarfi hamsin,
gogayya ta riƙe ashirin.
Wai a nemo ƙarin gudunsa.

Na kunna tocila, littafi a kan gwiwa.
Hamsin a ɗebe ashirin, saura talatin,
a raba wa goma, kowa ya tashi da uku.
Ko zufa ban yi ba.

Ɗazu da la'asar kuwa na ga Baba
a hanyar Aujara,
amalanke cike da buhunan riɗi,
taya ta nutse har cibiya.
Bijimai na ja, dalala na zuba,
shi yana turawa da kafaɗa,
hularsa ta faɗi bai sani ba.
Ƙarfi duk ya fita, amsa sifili.

Tambaya ta biyu ta ce:
a ɗauka ƙasa sumul take, ba gogayya.
Malam, a wace gunduma ƙasar nan take?

Sai na tuna ranar da Iya
ta zame a taɓon bakin rijiya, tulu ya fashe.
Ashe ƙasar da ba ta riƙe ƙafa
ba ta bari a taka ta.

Na rubuta uku, na ja layi.
Baba ya shigo yana kakkaɓe yashi,
ya ce, "Mun fita. Kara muka shimfiɗa."
Bai tambayi nawa na samu ba.