Giya ta Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai ni da keke,
Daga Birni zuwa Kasuwar Dole,
Fatu a baya, gwiwa na kuka.
Ranar da na tsaya hutu sau uku
A hawan da nake yi dā da fito,
Na ce keke, mu rabu lafiya.

Jikka ɗari uku da 'yan kai,
Kuɗin alabe da kube da jaka,
Na ƙulle a gindin buhun gero.
Ko Cima ba ta san wurin ba,
Haka na ce, sai ta yi dariya.

Shagon Mutari, babura jere
Kamar raguna ran jajibere.
Idona ya faɗa kan wani ja,
Dogo, mai tanki kamar tozo.
Na hau, ƙafata ta nemi ƙasa,
Ƙasa ta ce ba ta san ni ba.
Falmata, autata, ta ja rigata:
"Baba, wanda za ka iya ɗagawa
In ya kwanta, shi ne naka."
Na sauko ina haɗiye kunya.

Muka koma kan baƙi, gajere,
Na hannu, malamin lakkwal ya saki,
Madubin hagu da 'yar tsaga.
Mutari ya rantse bai shan mai.
Ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashi,
Ta ja sarƙa, ta latsa roba,
Ta sa ya sauke jikka sha biyar.
Ni ina tsaye kamar ɗan kallo
A cinikin da ni zan biya.

Filin ƙwallo, bayan asuba,
Kwalba ɗaya ta ruwa-ruwa,
Hular kwano ta matse kunne.
"Kama kulos. Taka. Saki sannu."
Ni da ban san ƙofar mashaya ba,
Da furfurata, da tabon salla,
Wai yau ake koya mini giya.

Na saki, ya zabura, ya mutu.
Na sake, ya mutu. Har bakwai.
Na takwas ya ɗauke ni ba sallama,
Na nemi birki, na murɗa wuta.
Dutsen nan da ya girmi Damagaram
Na nufe shi kamar mai bin bashi.
Yashi ya tausaya, ya kā da ni,
Salansa ta buga hatimi a ƙwauri.
Awaki uku sun gani da ido,
In na ɓoye, na yi ƙarya.

Ta zo a guje, ba ko sannu,
Ta kashe makulli, ta ce, "Ɗaga shi."
Na ɗaga. Ashe bai fi ƙarfina ba.
"Daina kallon dutsen, Baba,
Inda ido ya je, can zai kai ka."
Na tuna tsakar gida, tana tata,
Ina ja da baya, hannu a buɗe.
Ga ta yau, takalmi a hammata,
Tana haki, tana bi na a baya.

Sati uku kafin in hau kwalta.
'Yan kabu-kabu na wuce ni fiu,
Wani ya ce, "Tsoho, turawa ta fi!"
Har mai amalanken ruwa ya wuce,
Jarka ashirin, jaki na gurgunta.
Na riƙe dama, na riƙe bakina.
Wanda ya ji salansa a jikinsa
Ba a koya masa ladabin hanya.

Cima ta ce ba ta hawa tukuna,
Sai ƙunar nan ta gama ɓawo,
Amma tulunta ya fashe tun bara.
Ran Lahadi na ɗaura igiya,
Na bar keke jingine a zaure,
Ban dube shi ba, don na san kaina.
Giya ta uku, iska a haƙori,
Na sayo tulu, na goya shi,
Na dawo ina gaida ramuka.
Ta ƙwanƙwasa shi, ta kasa kunne,
Ba tsaga, tun daga Mirriya.