Littafin Dare

Malama Zinatu ta zo daga jami'a ran Laraba,
ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta zauna kan tabarma,
ta miƙo min littafi mai koren bango,
ta ce, "Maman Nafi'u, ki riƙa rubuta dare."

Ashe dare ma ana rubuta shi?
Ni a gwiwa na san shi, da ƙashin baya,
shekara shida ina sintiri a tsakar gida
da yaron da idonsa ya ƙi rufuwa
har ladanin Rafindadi ya kira assalatu.

Galahanga, in ji asibiti.
Kalmar tana min kaushi a harshe.
Ni dai Nafi'u na sani,
mai jera marafan kwalba a gindin bango,
ja, ja, shuɗi, ja,
mai toshe kunne in janaretan maƙwabta ya tashi.

Ta ce kada mu sauya komai,
ɗaya bayan ɗaya, kullum, kamar raka'o'in salla.
Ana idar da lisha a kashe talabijin.
Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba.
Man kaɗanya daga diddige zuwa gwiwa, a danna sosai,
shi ba ya son shafa mai sanɗa.
Sai marafai goma sha ɗaya su koma gwangwani,
shi zai ƙirga, ba ni ba.
Bargon kakarsa mai nauyi, ko ana zafi, a kan ƙafafu.
Sai Ƙulhuwallahu, ƙasa-ƙasa.

Daren farko: ɗaya da rabi. Ya farka sau huɗu.
Dare na tara aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ban rubuta komai ba, hawaye ya jiƙa layin.
Na sha bakwai shuɗin marfi ya ɓata.
Babansa Lawwali ya fita da tocila
har Ƙofar Marusa, shago-shago,
ya samo lemo mai shuɗin kai,
ya shanye a tsaye, ya dawo da marfin a aljihu.

Na tambaye ta, "Mu kaɗai ne?"
Ta ce gida talatin ke cika irin littafin nan.
Tun ranar, in ina sirka ruwan wanka,
nakan tuna wata mace a Ƙofar Sauri
tana tsoma gwiwar hannu a bokiti kamar ni.

Jiya, dare na arba'in da ɗaya,
ban kai ƙarshen sura ba numfashinsa ya sauka.
Goma saura kwata.
Na riƙe biro, ina tsoron ƙarar takarda.
Gida ya yi tsit har na ji randa tana ɗiga.
Ban san me ake yi da dare ba
in yaro ya yi barci.
Na zauna a bakin gado da littafi a cinya,
ni ce kuma na kasa runtsawa.