Ɗakin Baƙuwa

A kwalin takalmi na kawo ta,
daga hannun Bohdana, abokiyar aikina a asibiti.
"Ƙwai goma sha tara suka fashe," in ji ta,
"ki rage mini ɗaya."
Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.

A waje dusar ƙanƙara ta rufe Ostrava,
ta sa wa kowace mota farar hula.
A ciki, baba na nan inda yake zama
tun ranar da muka binne mama:
bakin taga, hannu bisa gwiwa,
shayi na hucewa ba mai sha.

Ya leƙa kwalin.
Ido ɗaya ta ɗaga masa,
ɗayan na can yana lissafin rufi.
"A ina za ta kwana?"
Na nuna akwatin gilashin da kifinmu suka mutu a ciki.
Ya karɓi takardar Bohdana, ya laluba tabarau,
ya karanta a hankali, leɓe na motsi:
ba ta son gilashi.
Iska ba ta ratsa shi,
kuma in ta ga inuwarta, sai ta ɗauka abokiyar gaba ce,
ta kumbura, ta yi baƙi, ta ƙi ci.

"To," ya ce. Ya miƙe.
Wata goma sha ɗaya ban ji wannan "to" ɗin ba.

Zarto ya fito daga ƙarƙashin gado da tsatsarsa.
Shekara arba'in Radim kafinta yana yi wa mutane ƙofa,
yau ga shi yana awon gida
don abin da bai fi cokali nauyi ba.
Tsayi ya fi faɗi, don ita 'yar sama ce.
Raga ta kowane gefe.
Amma kada ya cika girma tun yanzu,
kar abinci ya ɓace mata a lungu.
Ƙusa a bakinsa, fensir a kunne,
yana ƙunƙuni da katakon da ya karkace.

Ni aka aika bakin kogi neman rassa.
Na dawo hanci na zuba.
Ya mayar da rabi: "Wannan ya yi kauri.
Dubi hannunta. Me za ta kama?"
Muka wanke, muka gasa a tanda,
gida ya ɗauki ƙanshin daji.

Shukar mama, mai ganye kamar zuciya,
wadda ba wanda ya isa ya taɓa,
shi da kansa ya ɗauko ta daga kan kabad.
"Nan za ta ɓuya," ya ce. Ban ce komai ba.

Fitila biyu a sama, a bayan raga:
ɗaya ta ɗumi, ɗaya a madadin rana,
don ƙashi ya yi ƙwari.
Ya sa bayan hannunsa a reshen ƙoli,
ya ƙirga, ya ɗaga fitilar da taƙi guda.

Ruwa kuma, ba ta san kwano ba.
Sai raɓa, sai abin da ke ɗiga.
Ya huda gindin kofin roba da allura,
ya ɗora a sama:
ɗis.
ɗis.

Da muka buɗe kwalin ba ta yi gaggawa ba.
Ƙafa ta miƙa, ta janye, ta sake shawara,
tana rangaji kamar ganye a iska.
Mu biyu a durƙushe, mun riƙe numfashi.
Sai jela ta nannaɗe reshe.

Yanzu in na dawo daga aikin dare,
tun daga matakala nake jin gyare na kuka a gwangwani,
da ƙarar feshi,
da muryar baba, ƙasa-ƙasa,
yana ba ta labarin wata ƙofa da ya yi a Opava
wadda har yau ba ta taɓa ƙara ba.

Ido ɗaya tana saurarensa.
Ɗayan na kan gyare.