Rabin Buhu

Shekara bakwai ina haddar doka a Yamai,
na dawo Tawa da baƙar riga ɗaya
da ordinatar ta bashi.

Yau Nomau mai albasa ya shigo biro,
dillali ya danne mashi kuɗin buhu arba'in.
Ban buɗe baki ba ya miƙo salula:
"Metir, yarona ya tambaye ta,
ta ce ni ke da gaskiya.
Ko dala ba ta amsa ba."

Na ce to, ta sa riga
ta tsaya gaban alƙali ran Talata.

Ya yi dariya. Aka ɗauke kuran.
Cikin zufa muka bi rasit ɗaya-ɗaya,
biyu babu sa hannu.

Ya aje mani rabin buhu bakin ƙofa.
Mai gidan haya kuwa
ba ya amsar albasa.