Dubu Goma Sha Takwas

Likitan Recife ya ɗauko alƙalami shuɗi,
ya ja mini layi daga ƙugu zuwa ƙugu
kamar tela a kan yadi.
Ya ce, "Edileuza, naman cikin ya rabu,
yatsu huɗu ke shiga tsakani."
Na ce na sani. Tagwaye suka buɗe ƙofar,
da suka fita ba su ja ta ba.

Dubu goma sha takwas, kuɗin wuƙa.
Mai allurar barci, nasa daban.
Ɗamarar wata biyu, daban.
Ba a rubuta mako shidan da shagona zai kwana da kwaɗo ba,
da ba zan iya ɗaga Iracema ko Tainá ba.

A motar Olinda na juya takardar ina lissafi:
kai nawa zan wanke, farce nawa zan shafa wa ja?
Shekara uku, in haya ba ta tashi ba.
Mu tara muka shiga adashe,
ni ce ta bakwai a ɗauka.
Valdemir ya ce shi bai ga aibu ba.
Na ce ai ba bayanka ke ciwo ba.

Da dare shuɗin bai gama fita ba.
Tainá ta ɗage rigata, ta bi layin da yatsa,
ta kifa kunci a fatar da ta saki.
"Mama, nan ne gidanmu na da?"
Nan barci ya ɗauke ta.
Ban motsa ba.
Gobe Asabar, ranar zubi.