Maɓallin Yafiya

Fam arba'in da tara kowane wata,
haka nake ciyar da akawun da ban taɓa gani ba.
Ba ya shan shayi, ba ya neman izinin zuwa Juma'a.
Sahura ce ta ɗauko mini shi wata Lahadi,
ta ce, Baba, a gajimare yake zaune.
Na leƙa taga. A Manchester
in dai gajimare ne, ai sai dai mu ba wasu aro.

Shagona yana Cheetham Hill, tsakanin mai wayoyi da mai labule.
Kwali nake aunawa, in liƙe, in tura gida:
takalman makaranta zuwa Gusau,
na'urar awon jini zuwa Maraɗi,
keken ɗinki naɗe cikin bargo kamar jinjiri.
Shekara goma sha tara
lissafina yana cikin baƙin littafi mai jar ƙeya
da biro ɗaure da zare.

Ba zan ci haƙƙinta ba, manhajar ta iya aiki.
Ta san nauyin kowane kwali,
ta ware rabon mai haraji tun bai buɗe baki ba,
ta gano mini fam ɗari uku da suke zurarewa
ta wata kafa da ban san da ita ba.
Na fara barci kafin sha ɗaya.
Har tallarta na yi a ƙofar masallaci.

Sai dai ba ta da ta-ido.
Duk wanda ya kwana talatin bai biya ba
sai ta aika masa wasiƙa da sunana,
Turanci mai ladabi,
mai sanyin mariƙin ƙofa a watan Janairu.

Ban san tana rubuta wa Inuwa ba.

Inuwa da ya tarbe ni a tasha da rigar sanyinsa ta biyu,
wanda na yi wata huɗu a kan kujerar falonsa.
Inuwa da muka kai ranar Talata,
ƙasa jiƙe, tana manne wa shebur.
Wasiƙar farko a asibiti ta same shi.
Ta biyu ta iso ana zaman makoki.
Ta uku, mai jan layi a ƙarƙashi,
ita ta kawo Cindo gaban kantata da ambulan a hannu:
Umma ta ce a ba ka,
kada a tsare shi a can saboda fam tamanin.

Na rasa inda zan ajiye idona.

Da dare na zauna gaban allo ina neman maɓallin yafiya.
Akwai an biya, akwai ana jira, akwai lokaci ya wuce.
Na kira lambar taimako, aka kunna mini kiɗa minti ashirin,
sannan wata yarinya mai haƙuri
ta ce in danna asara, zai fita daga lissafi.
Na ce, 'yata, ba asara ba ce.
Ta ce, to rangwame?
Na ce a'a.
Kyauta?
Na ce, wa zai yi wa Inuwa kyauta da abin Inuwa?
Ta ɗan yi shiru.
Ta ce za ta miƙa shawarata ga masu ƙira.

Na danna an biya.
Ta tambaye ni yaushe.
Na sa ranar da ya ɗora mini rigar nan a kafaɗa.
Ta ƙi, da jan rubutu:
biya ba ya riga bashi.

Sai na sunkuya ƙarƙashin kanta,
na hure ƙurar baƙin littafi.
Biron yana nan a zarensa.
Sai da na goga shi sau uku a tafin hannu kafin ya kawo.